Silikon da rezin na zubin samfurin kumbo: abin da kwalin ya iya da abin da ya kasa a Yamai

Shekara ɗaya da ƴan watanni ke nan da na sayi wani ƙunshin kayan zubi ta intanet daga wani shago da ke Faransa, da nufin fitar da samfurin kumbo mai tsawon santimita 120, irin manyan kumbunan nan da ake gani a finafinan almarar kimiyya suna ratsa sararin da ke tsakanin taurari. Da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina har sai da kayan suka ga bazara, suka ga damina, suka kuma ga hunturu a hannuna, domin tun a makon farko na gane cewa takardar bayanin da ke cikin kwalin an rubuta ta ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 23 ba, alhali mu a nan Yamai ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana a yawancin kwanakin Afrilu. Wanda ya yanke hukunci a kan waɗannan kaya bayan gwaji ɗaya, ko dai ya zalunci mai shagon ko kuma ya ruɗi mai saye.

Aikin kansa hawa uku ne. Da farko mutum zai ƙera siffar asali da hannunsa, wadda nake kira uwa, domin daga gare ta sauran za su fito. Tawa na haɗa ta da katako mai laushi, da bututun roba na masu aikin famfo, da faifan filastik, sannan na lulluɓe jikinta da ƴan tarkacen da na ciro daga matattun rediyoyi da kwamfutoci. Wannan dabara ta manna ƙananan tarkace a jikin samfuri don ido ya ɗauka abin ƙato ne ba tawa ba ce; masu ƙera samfura na kamfanin Industrial Light & Magic, mai haɗa dabarun finafinai, wanda aka kafa a Amurka a 1975, sun shahara da ciro sassan samfuran tankokin yaƙi da jiragen ruwa suna liƙawa a jikin kumbunansu. Hawa na biyu shi ne a ɗauki hoton uwar da silikon (wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya zama roba mai laushi), wato a yi mazubi mai laushi wanda ya kwashe kowane zane da kowane rami da ke jikinta. Hawa na uku kuma a zuba rezin, wato ruwan da ke sandarewa ya zama filastik mai tauri, a cikin mazubin, ya daskare, a ciro kwafin. Dalilin da ya sa ban tsaya kan yi wa uwar fenti kawai ba shi ne, kumbon yana da injuna biyu da dole su zama tamkar an tsaga kara, yana da tankuna 24 iri ɗaya, kuma ina son cikin gangar jikin ya kasance fayau domin in saka fitilu.

Abin da ya zo cikin kwalin shi ne silikon kilo 5 tare da kwalbar ruwan daskarwarsa, rezin na poliyuretan kilo 2 a gwangwani biyu, gwangwanin feshi na man da ke hana mazubi kama abin da aka zuba, laka ta roba kilo 1, kofunan awo, sandunan damawa da safar hannu ƴan kaɗan. Kuɗinsa a lokacin yuro 140 ne, wato kusan jika 92 na sefa, amma kafin ya iso hannuna kuɗin ɗauko da na duwan sun kusa ninka wannan adadi. Na zaɓi a turo shi ta jirgin sama duk da tsadar, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya yi haka, domin tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 yawancin kayan da ke zuwa ta ruwa sukan biyo ta Lome su ratsa Burkina Faso, tafiyar da kan ci makonni masu yawa a cikin zafin kwantena. Silikon da rezin kuwa kaya ne masu wa'adi, galibi daga wata shida zuwa shekara ɗaya idan ba a buɗe su ba, zafi kuma yana rage wannan wa'adi. Mutum zai iya karɓar kwalinsa rabin ransa ya riga ya ƙare a hanya.

Ɗaurin kayan ya yi kyau, in ban da murfin kwalbar ruwan daskarwa da ya ɗan saki har wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya tsiyaye cikin leda. Na ɗauki hoto na aika wa masu shagon, cikin kwana biyu suka amsa da ban haƙuri, suka kuma turo wata kwalbar ba tare da neman ko dala ba. Ta wannan fuska ba ni da abin zargi a kansu.

Silikon ɗin shi ne abin da ya fi burge ni a cikin kwalin, kuma da a ce shi kaɗai suka sayar mini da wannan rubutu ya zama yabo zalla. Silikon na mazubi iri biyu ne: akwai wanda ke daskarewa da sinadarin kuza, akwai kuma wanda ke daskarewa da filatinum. Na filatinum ya fi daɗewa kuma kusan ba ya tsukewa, amma yana da tsirfa, domin idan ya taɓa farar wuta, ko safar hannu ta danƙon latas, ko wasu nau'o'in laka da fenti, sai ya ƙi daskarewa a wurin, ya bar wani danƙo mai yauƙi a jikin uwar da mutum ya yi wata uku yana ƙerawa. Mai shagon ya saka na kuza, kuma ya yi daidai, tunda uwa irin tawa da aka haɗa da tarkace barkatai babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke jikinta. Ana auna shi da sikeli, giram 5 na ruwan daskarwa a kan kowane giram 100, kuma sun yi dabarar rina ruwan da shuɗi, saboda haka muddin mutum yana ganin farin zane a cikin kofi ya san damun bai yi ba. Taurinsa 25 ne a ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A, wato yana da laushin da za a iya buɗe shi a zaro abu mai lungu-lungu ba tare da ya yage ba. Game da kwashe zane kuwa, sai da na ga sawun babban yatsana, wanda na bari bisa kuskure a jikin fentin uwar, ya fito raɗau a jikin kwafin farko. Wannan ya koya mini cewa duk aibin da aka bari a uwa, sai an biya shi sau 24 idan kwafi 24 za a fitar.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. A shafin shagon an rubuta cewa ƙunshin ya dace da manyan samfura, kuma wannan magana ita ce babban abin da nake ƙalubalanta. Gangar jikin kumbona tsawonta santimita 70 ne. Don in san yawan silikon da za ta ci, na kafa akwatin katako mai tsawon santimita 76, faɗi 24, zurfi 20, na kwantar da uwar a ciki, na rinƙa zuba gero ina aunawa da gwangwanin lita har ya rufe ta. Uwargida tana tsaye a ƙofar zaure tana kallon geron tuwonta yana shiga akwati, ba ta ce uffan ba sai da na kai gwangwani na 22, sannan ta tambaya ko kumbon ne zai ci ko mu. Lita 22 na silikon ya kai wajen kilo 25, wato ninki biyar na abin da ke cikin kwalin, kuma wannan na gangar jiki kaɗai ne, ba a zo kan injuna da ƙananan sassa ba. Hanyar da masu manyan ayyuka ke bi ita ce su shafa silikon da buroshi hawa-hawa har ya kai kaurin milimita 6 zuwa 8, sannan su yi masa ƙwarya mai tauri daga waje wadda za ta riƙe siffarsa. Da wannan hanya kilo 3 da ɗan wani abu ya ishi gangar jikin. To amma silikon mai ruwa-ruwa ba ya tsayawa a gefen abu, zamewa yake yi ya taru a ƙasa, sai an haɗa shi da maganin kauri, wannan magani kuwa babu shi a cikin kwalin, takardar bayanin ma ba ta ambace shi ba. Kwalba ce ƙarama mai arha, kuma rashin saka ta ya tilasta mini yin sabon oda da sabon kuɗin jirgi. Ƙunshin da aka ce na manyan samfura ne, amma babu abin da ake buƙata don yin babban mazubi a cikinsa, sunan ya fi ƙarfinsa.

Ƙwaryar waje kuwa ban nemi komai daga Turai ba. Garin filasta irin na masu adon silin na saya, na haɗa shi da zaren rama kamar yadda suke haɗa nasu da zare don kada ya tsage, na yi ta gida biyu masu haɗuwa da ƙusoshi. Tana da nauyi, amma ba ta motsa ko kaɗan ba. Tsakanin rabin mazubi na farko da na biyu kuma basilin na shafa, domin silikon yana kama ɗan'uwansa, wanda ya manta bai shafa ba zai wayi gari da dunƙule guda, uwarsa a kulle a ciki.

Rezin ɗin shi ne ya ɗanɗana mini kuɗata, kuma a kansa zan fi daɗewa. Poliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, ruwa biyu ne da ake haɗawa daidai wa daida, ɗaya daga cikinsu sinadarin da ake kira isosiyanat. Idan suka haɗu sukan fitar da zafi da kansu, zafin kuma yana ƙara wa haɗuwar sauri, shi ya sa abin da ke cikin kofi yake riga siririn abin da ke cikin mazubi daskarewa. Takardar ta ce mutum yana da minti 3 kafin ya fara kauri. Ranar gwajin farko, wata Asabar a watan Afrilu da misalin ƙarfe uku na rana, na dama giram 200 a kofi, ɗan ƙanwata yana riƙe da agogo. Ban kai ga ƙirga daƙiƙa 60 ba na ji kofin ya ɗauki zafi a tafin hannuna kamar kofin shayi, na ɗaga shi zan zuba, sai ruwan da yake garai-garai kamar man gyaɗa ya fara rikiɗa fari daga tsakiya, igiyar da ke sauka cikin mazubin ta tsaya cak a iska, ta sandare tsakanin bakin kofi da bakin mazubi. Yaron ya dubi agogo ya dube ni ya ce, “Kawu, ko minti ɗaya da rabi ba a yi ba fa.” Har yanzu wannan kofi yana kan tagar ɗakin aikina da igiyarsa a maƙale. Ƙa'idar da masu harhaɗa sinadarai suka sani ita ce, a kan kowane ƙarin digiri 10 saurin irin wannan haɗuwa yakan kusa ninkawa, saboda haka minti 3 na Faransa ba zai kai minti 3 a zauren da ke da rufin kwano a Yamai ba. Wannan ba aibin rezin ɗin ba ne. Aibin mai shagon shi ne ya ga adireshin Nijar a kan oda, yana kuma da irin mai jinkirin daskarewa a shagonsa, amma bai ce da ni komai ba sai bayan da na kai kuka.

Abin da ya cece ni a sauran bazarar shi ne randa. Nakan ɗaure gwangwanayen biyu a cikin leda, in nutsa su cikin ruwan randa tun dare, in fito da su bayan sallar asuba, in goge su tas kafin in buɗe, in yi zubina kafin rana ta ɗaga. Haka kuma na daina dama fiye da giram 80 a lokaci guda. Da wannan na samu wajen minti biyu, wanda ya isa ga tankuna da ƙananan sassa. Gogewar nan kafin buɗewa ba ƙaramin abu ba ce, domin ruwa shi ne babban abokin gabar wannan rezin, kamar yadda damina ta nuna mini.

A watan Agusta na koma kan aikin da murnar cewa zafi ya sauka, sai kowane kwafi ya rinƙa fitowa da ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda, wasu ma suka kumbura suka yi kumfa kamar burodi. Dalilin a sarari yake: isosiyanat yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar kabon dayoksaid, kuma raɓar da ke cikin iskar damina ta isa ta haddasa hakan. Gwangwanin da aka buɗe aka rufe sau da yawa yana shan wannan raɓa, sandar katako ta damawa tana ɗauke da ita, kofin takarda ma haka. A nan ma ina da ƙorafi, domin sandunan da suka saka a kwalin na katako ne. Na koma amfani da cokalin ƙarfe da kofin roba, abin ya ragu, amma ragowar rezin ɗin ya riga ya lalace, bakin gwangwanin isosiyanat har ya yi ɓawo mai ƙyalli. Kusan rabin kilo na zubar.

Sai a hunturu kayan suka nuna ainihin kansu. Daga Disamba zuwa Janairu iskar Yamai a bushe take ƙamas, safiya kuma da sanyi, wato yanayin da poliyuretan yake so ke nan. Da sabon rezin mai jinkiri da na sake sayowa daga shagon na zuba gangar jikin da injunan. Ba a cika babban mazubi da rezin. Gangar jikina za ta ci wajen lita 14, nauyin ya kusa kilo 15, zafin da zai fitar kuma ya isa ya tsaga kwafin ya ƙona mazubin. Abin da ake yi shi ne a zuba kaɗan, a rufe, a rinƙa jujjuya mazubin ta kowace fuska har ruwan ya shafe bangon ciki ya daskare, a maimaita sau uku ko huɗu har kauri ya kai wajen milimita 4. Ni da yaron muka kama ƙwaryar filasta, shi a kai ni a gindi, muna juyawa kamar masu gasa rago, hannu yana sagewa amma ba damar tsayawa, domin inda aka tsaya nan rezin zai taru ya yi tudu. Da muka kwance ƙusoshin muka ɓare silikon, sai ga gangar jiki fara sol, nauyinta bai kai kilo 2 ba, kowane layi a wurinsa. A wannan rana kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abu ɗaya da na lura da shi a hunturun shi ne, silikon mai kuza yana buƙatar ɗan laima a iska kafin ya nuna sosai, saboda haka wani ƙaramin mazubi da na yi a Janairu sai da ya ƙara yini guda a kan abin da takarda ta faɗa, har na koyi ajiye kwanon ruwa kusa da shi a ƙarƙashin kwali.

Akwai wani ilimi da takardar ta tsallake gaba ɗaya, wato inda za a huda wa iska hanyar fita. Ƙwararru suna da tukunyar zuƙe iska daga silikon da tukunyar matsi ta danne kumfa a cikin rezin, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Na san dabarar zuba silikon siriri daga sama don kumfar ta fashe a hanya, na kuma san barbaɗa hodar jarirai a cikin mazubi kafin zubi, wadda ke taimaka wa rezin shiga lunguna, amma duk da haka ƙusurwoyin fikafikan injin suna fitowa a gutsure. Wanda ya warware mini wannan wani dattijo ne mai zubin tukwane a kasuwar Katako, inda ake narkar da tsofaffin gwangwanaye da sassan mota na sanholo a zuba cikin mazubin ƙasa. Na je wurinsa ne don ya zuba mini ƙashin ƙarfe na cikin kumbon, na tafi da mazubin injin don ya ga girman. Ya karɓa ya lanƙwasa shi, ya leƙa ciki, ya yi dariya ya ce tasu ƙasar ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa ba sa zuba abu mai lungu. Da na nuna masa kwafin da ya gutsure na ce, “Baba, me ke kawo wannan?” sai ya kifa mazubin yadda nake ajiye shi lokacin zubi, ya ɗora yatsa a kan ƙusurwar da ta fi tsayi ya ce, “Malam, ka shigar da baƙo ba ka ba mai gida ƙofar fita ba. Iska sama take gudu. Duk inda ya fi tudu, huda shi.” Ya kuma ce in rinƙa zubawa ta ƙasa ruwan ya hau da kansa yana kora iskar gaba. Na yanka ƴan hanyoyi sirara da reza a wuraren da ya nuna, na karkata mazubin kaɗan, tun daga ranar ban sake samun gutsurarren fiffike ba. Masu zubin tagulla da kakin zuma a gidan tarihi na Boubou Hama ma haka suke barin hanyoyin iska, sai dai su dole su fasa mazubin yumɓu a kan kowane zubi, ni kuwa nawa ina buɗewa in sake.

Ƙashin ƙarfen da dattijon ya zuba mini ya zama dole ne saboda wani rauni na rezin ɗin da ya kamata kowane mai saye a ƙasar nan ya sani. Galibin poliyuretan na zubi yana fara laushi a wajen digiri 50 zuwa 60. Cikin motar da aka rufe a rana a Yamai yana kaiwa nan. Na bar ɗaya daga cikin sandunan da ke riƙe injin a bayan mota na shiga sallar Juma'a, na fito na tarar ta sunkuya kamar kan tsohuwar sanda. Na miƙe ta da ruwan zafi, amma na gane cewa injin mai tsawon santimita 45 ba zai zauna shekaru a kan rezin zalla ba tare da ya rusuna ba. Manyan samfura dama ba a barin nauyinsu a kan fata. Samfurin kumbon Enterprise da aka yi amfani da shi a shirin talabijin na Star Trek, mai tsawon ƙafa 11, wanda aka ba gidan tarihin Smithsonian da ke Washington a 1974, yawancin jikinsa katako ne. Nawa yanzu yana da gicciyen sanholo a ciki wanda ya ɗauki injuna biyu ya kuma sauka kan sandar da kumbon ke tsaye a kai.

Game da lafiya, takardar ta yi gargaɗi da Faransanci da Turanci cikin ƙananan haruffa, kuma safar hannun da suka saka siriri ne ƙwarai, guda ta yage a ranar farko. Tururin isosiyanat yana cutar da huhu, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya yakan zauna da matsalar numfashi duk lokacin da ya sake shaƙa. Takunkumin ƙura na hunturu ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi irin na masu fentin mota. A zaure mai ƙofa biyu a buɗe nake aiki, ba na barin yara ƙanana su kusanto, kuma da ruwa nake goge kwafi da samfefa don kada garin ya tashi.

Man feshin da ke hana kamawa yana aikinsa, amma yana barin maiƙo wanda fenti ba ya zama a kansa, sai an wanke kowane sashe da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori. Bayan haka fentin share fage na masu gyaran mota ya kama jikin rezin ɗin sosai. Abin dariyar shi ne lokacin da ya fi dacewa da zubi shi ne ya fi muni ga fenti, domin ƙurar hunturu ba ta barin jiƙaƙƙen abu ya bushe lafiya. Na ɗaura tsohon gidan sauro a kan tebur, na lulluɓe shi da leda, na yayyafa ruwa a ƙasa, sannan na samu fuska mai santsi.

Mazuban sun jure gwargwado. Na tankuna ya ba ni kwafi 27 kafin cikinsa ya bushe ya fara tsinkewa a ƙananan zane, wanda ya ishe ni tunda 24 nake buƙata. Na gangar jikin kuwa kwafi biyu kawai na fitar, yana nan lafiya a cikin ƙwaryarsa, ko da yake na auna na ga ya ɗan tsuke kaɗan bayan wata shida, halin silikon mai kuza ke nan, shi ya sa ya kamata a zuba sassan da za su haɗu da juna a lokaci ɗaya. Wani abokina ya nemi in yi mazubin wani samfurin kamfani da ya saya in fitar masa da kwafi don sayarwa, na ƙi, domin guminsu ne, kuma ban sayi kayan nan don haka ba.

Ga mai son fitar da ƙananan sassa, ko maye gurbin wani yanki da ya karye a samfurin da ya saya, wannan ƙunshi ya isa har da saura, kuma ingancin silikon ɗin ya cancanci kuɗinsa. Ga mai babban aiki irin nawa kuwa, ba zan ce ya sayi ƙunshin a dunƙule ba. Gara ya sayi silikon ɗin shi kaɗai tare da maganin kauri, ya nemi rezin mai jinkirin daskarewa a ƙananan gwangwanaye da yawa maimakon manya biyu don kada raɓa ta lalata wanda bai kai ga amfani da shi ba, ya kuma tsara odarsa ta iso a watan Nuwamba. Laka, kofuna, basilin, filasta da ƙarfe duk akwai su a kasuwar Katako a kan kuɗin da bai kai na ɗauko su a jirgi ba. Odata ta gaba, wadda zan yi don ƙaramin kumbon rakiya mai santimita 40, silikon kilo 2 ce da kwalbar maganin kauri da rezin mai jinkiri gwangwani huɗu na rabin kilo, kuma na riga na rubuta wa shagon cewa su duba murfin kwalbar ruwan daskarwa kafin su rufe kwalin.